Buzun Alhaji Alidu

A daminar 1958, ana dab da fito da sabon kuɗin Gana, Sumaila ya dawo hutu Zangon Kumasi. Shekararsa ta biyu ke nan a jami'a a Ankara, babban birnin Gana, yana karatun tattalin arziki da harkar banki. Saurayi ne mai ƙwazo, ba ya ƙarya, ba ya raina manya. Aibinsa guda ne: yana son ya ga an buɗe baki ana sauraronsa, saboda haka daga cikin abin da ya karanta yakan zaɓi mai daɗin ji, ya bar sauran.

Kawunsa Alhaji Alidu maigidan fataken shanu ne. Masu koro shanu daga ƙasar Moshi gidansa suke sauka, shi ke haɗa su da mahauta, shi ke tsaya musu. A irin wannan gida, duk abin da aka faɗa wa baƙo daga kan buzun maigida maganar gida ce, da ita baƙo ke ciniki. Wanda ya yarda da gidan kuwa yakan bar butarsa rataye a zaure har wata shekara.

Alhaji ya tafi Salaga ta'aziyya lokacin da Mutaru, tsohon baƙon gidan, ya iso da garkensa da abokan tafiyarsa. Bayan la'asar Sumaila ya shiga zaure gaishe shi, ya ga buzu babu kowa, ya zauna a kai.

"Kirachi," in ji Mutaru, don haka ake kiran 'yan boko, "ku da kuke cin abinci da cokali, sabon kuɗin nan kuɗi ne, ko takardar ƙunshe ƙosai?"

Sumaila ya yi dariya. "Baba Mutaru, ai kowane kuɗi takarda ne. Yarda ce kawai ke riƙe da shi."

Sai ya gyara zama. Ya ba su labarin ƙasashen da suka yi ta buga kuɗi babu lissafi, har mutum ya cika kwando da su ya sayo burodi guda. Ya ce a irin wannan lokaci wanda ya riƙe kayansa ya tsira, wanda ya karɓi takarda ya halaka. Ya san sabon fam daidai yake da tsohon, kuma akwai dukiyar da aka ajiye a banki tana tsaya masa. Amma wannan ɓangaren ba ya sa kowa salati, sai ya tsallake shi.

Mutaru ya nuna buzun da haɓa. "Daga nan ka faɗa?"

"Daga nan mana," in ji Sumaila, yana zaton zolaya ce.

Washegari mahauta suka zo, Mutaru ya ce ba ya sayarwa. Sumaila ya ji labari, ya ɗauka jan ciniki ne, ya koma kan littattafansa. Shanun arewa kuwa ba sa jimre wa ƙasar kurmi. Ƙudan tsando ya sa su gaba, cutar sammore ta shiga garke. Sabon kuɗi ya fito, aka canza fam da fam, kasuwa ta ci gaba da ci kamar kullum. Kafin nan wasu shanun sun mutu, sauran sun zama ƙashi da fata, mahauta suka saye su yadda suka ga dama.

Ranar da Alhaji ya dawo, Mutaru ya faɗa masa komai, bai ɗaga murya ba.

"Kawu, ni ban ce kada ya sayar ba," in ji Sumaila. "Misali na bayar, yana nan a littafi."

"A ina kake zaune da ka bayar?"

Sumaila ya dubi buzun.

Alhaji ya juya. "Mutaru, asarar tawa ce, zan ɗauka."

"Na sani, Alhaji. Amma baɗi in na tambaya, wa zai amsa mini daga kan buzun nan?"

Ya miƙe ya sauke butarsa daga bango. Abokan tafiyarsa suka sauke nasu. Kafin magariba babu sauran buta a zauren.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, mai ilimi ba ya kuɓuta don kawai bai yi ƙarya ba. Rabin bayani a kunnen wanda zai ɗora dukiyarsa a kai yana iya yin ɓarnar da ƙarya ba ta yi. Kafin ka yi magana, duba inda kake zaune da abin da mai sauraronka zai yi da ita, sannan ka faɗa duka, har da ɓangaren da ba shi da daɗin ji.