Cikin da Aka Ɓoye wa Aisa

Akwai wata baiwar Allah a unguwar Yerimaram da ke Potiskum, sunanta Aisa. Sana'arta haɗa turaren wuta da humra, kuma amaren unguwar duk wajenta suke aikowa. Mijinta, Malam Saleh, yana sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwar shanu. Sun doshi shekara goma da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Aisa tana da ƙanwa guda ɗaya, Fanne. Mahaifiyarsu ta rasu Fanne tana firamare, don haka Aisa ce ta yi mata komai: kitso, wankin kayan makaranta, zuwa ba malamai haƙuri idan ta yi laifi. Ita ce kuma ta tsaya a kan aurenta har aka kai ta gidan mijinta Ari, a Mamudo.

Bayan auren da 'yan watanni, sai Fanne ta fara zille mata. Idan Aisa ta ce za ta zo, sai ta ce, "Ya Aisa, ki bari sai wani satin, mura nake yi." Wani satin ya zo, sai ta ce, "Mun tafi Damagum wajen Hajja."

Hajja Ramlat ƙanwar mahaifinsu ce, kuma ita ce babbar macen da ta rage a dangin. Aisa ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ɗauka amarci ne yake ɗibar yarinya.

Rannan Aisa ta je asibiti ganin likitan mata, kamar yadda ta saba. Duk wadda ta taɓa wannan zaman ta san shi: benci ɗaya na masu neman haihuwa, wanda ke fuskantarsa na masu zuwa awo. Ni dai ban san wanda ya ga dacewar hakan ba, amma ya kamata a sake tunani.

Tana ɗaga kai sai ta ga Fanne ta shigo. Ciki ya fito, ya yi girman da ko hijabi ba ya ɓoye shi. Hajja Ramlat tana gefenta, riƙe da katin awo.

"Fanne?"

Kafin Fanne ta buɗe baki, Hajja ta yi wuf ta yafa mata gefen mayafinta a kan cikin, ta shiga tsakaninsu, leɓɓanta suna motsi da addu'a.

Aisa ta miƙe. "Hajja, me kike rufewa?"

"A'a, sanyin fanka ne, kada ya kama ta."

"Tun safe aka ɗauke wuta, Hajja."

Matan da ke bencin duk suka zuba musu ido. Fanne ta sunkuyar da kai. Ita kuwa Hajja, tunda ta ga ba wurin ɓuya, sai ta gyara tsayuwa.

"To tunda kin gani, kin gani. Ba wai an ce ke mayya ce ba. Amma ido gaskiya ne, kuma wanda ya daɗe yana son abu bai samu ba, ko bai yi niyya ba idonsa yana da nauyi. Cikin fari ne. Mu manya dole mu kiyaye."

Jama'a, ku sake karanta wannan maganar. A gaban baƙi. Ga matar da ta goya yarinyar nan a bayanta.

Aisa ba ta jira aka kira sunanta ba. Ta fice, ta tari keke, ta koma Yerimaram.

Da Malam Saleh ya dawo cin abincin rana, ya tarar ba a ɗora komai ba. Ta faɗa masa abin da ya faru. Maimakon ya yi mamaki, sai ya cire hula ya kama sosa ƙeya.

Ta ƙura masa ido. "Malam, ka sani?"

"Ari ya faɗa min a kasuwa, tun kwanaki."

"Kai ma?"

"Wallahi ba don zancen Hajja ba ne, ni ban yarda da wannan shirmen ba. Na ga ne duk lokacin da aka ce wance ta samu ciki, kwana kike ba ki ci abinci ba. Na ce bari in rage miki."

"Ka rage min! Da ka faɗa min a ɗakin nan, da na yi kukana ni da kai, na wanke fuska na je na yi mata barka. Yanzu a gaban matan Potiskum na ji, ana rufe min ciki kamar an ga kura. Wasu suna tsoron idona, kai kana tsoron hawayena. Duk kun haɗu kun mayar da ni bare."

Malam Saleh ya mayar da hularsa, ya zauna a bakin ƙofa.

Fanne ta yi ta kira, Aisa ba ta ɗauka ba. Ta turo saƙon murya, ba ta buɗe ba. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce baƙin cikin ɓoyewar ne kawai yake cin ta. A'a. Akwai wancan tsohon ciwon ma, na cewa yarinyar da ta raina da hannunta ta riga ta. Tana jin kunyar wannan tunanin, kunyar kuma tana ƙara mata fushi.

Ana nan sai ga Hajja Ramlat ta yi sallama. Kun san al'ada, haihuwar fari a gida ake yin ta, kuma tunda babu uwa, tuni Hajja ta ɗauki Fanne ta tafi da ita Damagum. Aisa ta zaci haƙuri ta zo bayarwa. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa.

Hajja ta sha, ta ajiye kofi. "Dama turaren jego na zo a haɗa wa ƙanwarki. Kin san babu mai hannunki. Da na tsugunno, da na ɗaki, da humra mai kyau. Idan kin gama ki ba direban Damagum ya kawo. Ba sai kin wahalar da kanki kin zo ba, sai bayan suna."

Aisa ta yi wata irin dariya.

"Hajja, hannuna yana da albarka, idona ne ba shi da ita?"

"Ke Aisa, ni kike mayar wa magana?"

"Tambaya na yi. Wace haihuwa aka yi a danginmu da ban je ba? Jikokinki nawa na wanke wa zanen goyo? Ruwan wanka nawa na dafa, hayaƙi yana cin idona, wannan idon da kike tsoro? Wanne ne a cikinsu ya mutu? Lokacin kuna cewa a kira Aisa, ai ba ta da nauyin yara. Yau da abin ya zo kan 'yar da na raina, ni ce abin gudu?"

"Rashin haihuwar nan ya ɓata miki zuciya."

"Rashin haihuwa daga Allah ne, na karɓa. Wannan kuwa daga ke ne, ban karɓa ba. Ki gai da mutanen Damagum."

Hajja ta naɗe mayafinta ta fita tana cewa dama ta faɗa, ga shi an gani.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Aisa tana tsakar gida tana jiƙa itacen turare, sai ta ji keke ya tsaya a ƙofa. Fanne ce, ita kaɗai, da jakar kayanta, ƙafafunta sun kumbura har silifas ba ya shiga sosai.

"Ya Aisa."

"Kin yi ɓatan hanya. Damagum tana can."

"Daga can nake. Na kira Ari na ce masa ni gidan uwata zan haihu. Ya ce in taho."

"Uwarki tana maƙabarta. Da ni uwarki ce, da ba a bakin asibiti zan ji ba."

Fanne ta fashe da kuka. "Ni ban taɓa yarda da zancen ido ba, wallahi. Ranar da matar Babaji, ɗan Hajja, ta haihu, kin tuna? Kin shiga banɗaki kin kulle, kin sakar wa bokiti ruwa don kada a ji. Ina bakin ƙofar, na ji komai. Da na ga nawa cikin, sai na ce yaya zan yi in zama ni ce sanadin wannan kukan? Kullum sai in ce gobe zan faɗa miki. Da Hajja ta ce a ɓoye, sai na samu wurin fakewa."

Aisa ta ajiye kwanon hannunta da ƙarfi.

"To, na yi kuka. Da na fito daga banɗakin, wa ya ɗauki jaririn? Wa ya dama kunun? Kukana nawa ne, Fanne. Ni zan yi shi, ni zan share. A kan naki ma zan yi, ki sani tun yanzu. Zan ji zafi, kuma zan yi murna, duka biyun a zuciya ɗaya. Ba ke za ki zaɓar min wanda zan ji ba."

"Ki yafe min."

"Ban yafe ba. Shigo ki zauna, ƙafarki kamar tulu. Kuma kada ki ɗauka na huce."

Haka fa aka yi zaman. Aisa tana dafa mata abinci tana faɗa. Tana matsa mata ƙafa tana faɗa. Idan Fanne ta ce, "Ya Aisa, yana motsi, ki taɓa," sai ta ce, "Ba na taɓawa, ku je ku ci gaba da sirrinku," amma ba ta tashi daga wurin. Wata rana kuma sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa, Fanne ta ji ta tana kuka. Ba ta bi ta ba, ba ta kuma yi kamar ba ta ji ba. Idan Aisa ta fito sai Fanne ta miƙa mata ruwa, su ci gaba da tsinken zogale.

Malam Saleh shi ma ya gyara. Ranar komawar Aisa wajen likita, ya rufe shago ya bi ta, ya ce a duba shi shi ma, abin da ya daɗe yana kaucewa.

Naƙuda ta tashi wata Laraba da safe, ranar kasuwa, hanya cike da motocin shanu. Aisa ta dinga yi wa mai keke tsawa har suka isa asibiti. Ari ya taho daga Mamudo. Hajja Ramlat ma ta ji labari, ta iso daga Damagum, ta zauna a bencin da ya fi kusa da ƙofa, ko kallon Aisa ba ta yi ba.

Can sai ga nas ta leƙo da jariri a naɗe.

"Namiji ne, lafiya lau. Ina uwar mai jego?"

Hajja ta miƙe tana gyara zane, ta miƙa hannu biyu.

Nas ɗin ta dube ta. "Ke ce Aisa? Ta ce kada in ba kowa sai Aisa."

Hannun Hajja ya tsaya a sama. Ta juya wajen Ari ko zai ce wani abu. Ari ya ce, "Hajja, haka muka yi da ita."

Aisa ta karɓi yaron. Hawaye suna zuba har kan zanen, ba ta share ba, ba ta kuma juya baya ba. Ta yi masa addu'a, ta buɗe fuskarsa sosai, ta daɗe tana kallo. Sannan ta matsa gaban Hajja.

"Hajja, ga shi ina kallonsa, da idona biyu. Ki zauna nan Potiskum ki ga abin da zai same shi."

Yaron nan yanzu yana gudu, ƙato da shi, ya fasa wa Aisa kwalaben humra ba adadi. Sharfaddeen sunansa. Ita kuwa har yau Allah bai ba ta nata ba, tana nan tana zuwa asibiti ita da mijinta. Tana gai da Hajja ranar salla saboda zumunci. Amma Hajja ba ta ƙara aiko mata da saƙon turare ba, kuma matan dangin sun daina kai mata shawarar ciki.

Darasi: Wadda ba ta haihu ba, ba mayya ba ce, ba kuma ƙwai ba ce da za ta fashe idan ta ji labari. Idan ciki ya samu a gidanku, ita ya kamata ta fara ji, daga bakinku, a keɓe, don ta samu sararin yin kukanta kafin ta yi muku barka. Ku daina kiran ta aikin jego kuna hana ta farin cikin jego. Ku daina tambayar "har yanzu shiru?" a taron suna. Maza, ku bi matanku asibiti, a duba ku tare. Ke kuma 'yar'uwa da kike cikin wannan jarrabawa, jin zafi ba hassada ba ne. Ki yi fushinki a kan wanda ya wulaƙanta ki, amma kada ki rufe wa mai ƙaunarki ƙofa. Don Allah ku tura wannan zuwa zauren danginku na waya. Kowane dangi yana da Aisa, kuma kowane dangi yana da Hajja Ramlat da ya kamata ta karanta.