Cikin Mehrangez da Kakar Auduga

Akwai wani maƙwabcinmu a ƙauyenmu da ke bayan garin Kulob, sunansa Davlatyor. Manomin auduga ne, ba shi da rowa, amma idan ya kafe a kan magana ko dutse ya fi shi taushi.

Matarsa Mehrangez na da cikin wata bakwai lokacin da suka je awo a birni. Likita ta ɗora mata na'urar hoton ciki, ta daɗe tana kallo.

Daga baya ta ce, "Yaron ya yi ƙanƙanta. Jinin da ke bi ta igiyar cibiya ba ya tafiya yadda ya kamata, kuma ta nan yake samun abinci da iska. Ku bar ta a nan mu riƙa dubawa. Idan abin ya ƙaru, za mu ciro shi kafin lokaci."

Davlatyor ya yi dariya. "Ana tsakiyar tsinkar auduga? Ni ma ƙanƙani aka haife ni, ga ni nan ina ɗaukar buhu biyu."

Ya ɗauko matarsa suka dawo gida.

Da mahaifiyarsa ta ji, ta ajiye gurasar da ta ciro daga tanderu. "Ka mayar da yarinyar nan asibiti."

"Haba Ocha, ke da kika haife mu duka a ɗakin nan?"

"Masu rai kawai kake gani. Je ka maƙabarta ka tambayi sauran."

Ya ce tsufa ne ya sa ta tsoro. Ya sayo nama da zuma da gyaɗar dutse, ya ce Mehrangez ta ci sosai, yaro zai yi ƙiba. Ta ci har ta gaji. Amma abincin bai da hanyar isa inda ake so.

Wata safiya ta riƙo hannunsa a bakin ƙofa, ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba. "Baban Zebo, tun jiya bai motsa kamar da ba."

"Barci yake, malalaci ne irin ƙaninki. Bari mu gama gefen nan na gona."

Da yamma ya dawo ya tarar da ita zaune, tafin hannunta a kan ciki, ko shayin da aka zuba mata ba ta taɓa ba. Ya ari motar maƙwabci.

A asibiti an nemi bugun zuciya, an sake nema. Babu shi, yaron ya riga ya rasu a ciki.

Da aka ciro shi, namiji ne. Fuskarsa sak ta uban. Davlatyor ya ɗauke shi a hannu ɗaya, nauyinsa bai kai na gurasa biyu ba. Shi da kansa ya haƙa kabarin, ya hana kowa karɓar shebur.

Mehrangez ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ya yi ta kiranmu, ni kaɗai nake jin sa."

Har yau idan mun zauna shan shayi ana hira, da zarar kukan jariri ya taso daga wani gida, sai Davlatyor ya miƙe ya fita.

Darasi: Rai na hannun Allah, amma neman lafiya wajibi ne. Idan likita ta ce jini ba ya isa ga yaro, ko mai ciki ta ce motsi ya ragu, ku bar komai ku tafi. Ku tura wa duk magidancin da kuka sani, ko Allah zai sa ya ji kafin lokaci ya ƙure.