Ladan Ya Kira, Rana Ba Ta Faɗi Ba

An yi wani mutum a nan birnin Zazzau, a Limancin Kona. Ba zan faɗi sunansa ba, don danginsa suna nan da ransu, wataƙila ma wani yana zaune a cikinku. Ɗan gidan malamai ne, ya yi karatun zaure, ya yi na boko, ya samu aiki a wata cibiyar kwamfuta a bayan gari. A shekarun tamanin ne wannan, lokacin da in ka ce ka taɓa kwamfuta da hannunka sai a matsa maka a kan tabarma.

Masallacin unguwarsu yana da ladan, Malam Dogara, wanda ya shekara arba'in yana duban rana yana kiran salla. To ido ya fara gaza masa. Ga azumi ya taho a farkon damina, lokacin da hadari kan rufe yamma ruf. Sai dattawa suka kira mutumin nan, suka ce ya sa na'urarsa ta fitar musu da lokacin shan ruwa na wata guda, a manna a bangon masallaci. Ya ce kwana uku sun ishe shi.

Ya 'yan uwa, kwamfuta ba ta san rana ba, ba ta san wata ba. Mutum ne ke rubuta mata umarni layi-layi, ita kuma ta bi ido rufe. Shi ya sa aka yi wani shiri a cikinta mai suna lint. Aikinsa ɗaya ne: ya karanta rubutunka kafin a yi aiki da shi, ya nuna maka duk inda yake zargin kuskure. Ba ya gyara, gargaɗi kawai yake yi.

Mutumin ya gama rubutunsa, ya kira mai binciken nan. Yana zaton layi biyu ko uku zai gani. Sai ga gargaɗi ɗari biyu da goma sha biyu suna gudu a baƙin allo, wani na korar wani. Wannan ya ce ka ajiye abu ba ka yi amfani da shi ba. Wancan ya ce akwai layin da ba za a taɓa kaiwa gare shi ba. Ya karanta, ya sake karantawa, kansa ya ɗaure. Wanne ne na gaske? Wanne ne mita kawai? Bai sani ba. Littafin bayanin ma kwafin kwafi ne, tawada ta koɗe, shafi biyu babu.

A cikin abin da ya saura na littafin ya ga wata hanya. In ka rubuta sunan mai binciken, kana iya ƙara ɗan karan ɗori da harafi guda, kowane harafi da irin gargaɗin da yake rufe wa baki. An yi waɗannan zaɓuɓɓuka ne don wanda ya riga ya karanta, ya gane, ya tabbata babu komai. Shi kuwa bai gane ba. Ya ƙara harafi ɗaya, ɗari biyu suka koma tis'in. Ya ji wani sanyi a ransa. Ya ƙara wani, suka koma talatin. Ya ƙara, ya ƙara, har shi kansa bai san me kowane harafi yake yi ba.

Gargaɗi ɗaya ya ƙi tafiya. Cewa yake wata lamba ta fi ƙarfin ma'ajin da aka ba ta, wani sashe nata zai zube, kamar ka juye tulu a moɗa. Ya daɗe yana kallon layin nan. Ga abokin aikinsa Haruna a teburin kusa, wanda ya fi shi sanin abin. Da ya tambaye shi, da magana ɗaya ta raba gardama. Amma ya za a yi ɗan gidan malamai ya ce bai gane ba? Ya ci gaba da gwada haruffa ɗaya bayan ɗaya, har wannan ma ya yi shiru.

Ya buga sakamakon binciken, takarda ta fito fara fat. Ya haɗa ta da jadawalin lokacin shan ruwan ya kai masallaci.

Malam Dogara ya ce, "Ɗana, ka tabbata? Azumin mutane ne fa a wuyana."

Ya miƙa masa farar takardar, ya ce, "Baba, ga shaida. Na'ura ta bincika, ba ta samu kuskure ko ɗaya ba. Wallahi."

Tsoho ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ni dai ban iya karanta abin da ba a rubuta ba. Amma tun da ka rantse, shi ke nan."

Kwana goma sha shida jadawali da rana suna tafiya tare. Mutumin har ya fara jin yabo yana sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Bai san lambar nan sai a rana ta goma sha bakwai za ta cika ma'ajinta ba. Daga ranar, jadawalin ya riga rana da minti goma sha biyar. A ranar kuma hadari ya haɗu, ya kwana uku bai washe ba.

Unguwa ta rikice. Malam Dogara ya kira, maƙwabtan masallatai shiru. Wasu suka ce agogon maƙwabtan ne ya lalace. Wasu suka ce ladanan can ne ke nawa. Mai rediyo ya ce ba a kira ba tukuna, aka ce masa ai can wani gari ne. Kullum maganar takan ƙare da cewa na'ura ba ta kuskure. Mutumin yana ji, yana tuna layin nan ɗaya. Ya faɗa? Bai faɗa ba, don shi ma bai san ko layin ne sanadi ba.

Rana ta huɗu Malam Dogara ya kira magariba. An kai dabino baki, an kurɓi kunu. Sai hadari ya tsage, ga rana ja wur a saman ganuwa, kowa yana kallonta. Masallaci ya yi tsit. Tsoho ya juyo yana tambaya, "Me ya faru? Me kuke kallo?"

Washegari Haruna ya kira mai binciken ba tare da harafi ko ɗaya ba. Gargaɗi ɗari biyu da goma sha biyu suka dawo, kuma na ma'ajin nan yana cikinsu, yana faɗin abin da ya faɗa tun farko. Liman ya ce unguwa duka ta rama kwana huɗu. Malam Dogara bai sake kiran salla ba har ya koma ga Allah. A wurin aiki aka sallami mutumin, aka ce wanda ke toshe bakin mai bincike ba a ba shi amanar na'ura.

Ya zauna a gida, kuma ruɗewar nan ba ta sake shi ba. Ya daina yarda da agogo, ya daina yarda da takarda, har idonsa ya daina yarda da shi. Waɗanda suka san shi sun ce duk azumi za ka same shi a ƙofar gida da dabino a hannu. An kira, an yi salla, an watse, taurari sun fito, shi yana tare masu wucewa yana tambaya, "Don Allah, ta faɗi?"

Ya 'yan uwa, rashin sani ba shi ne zunubinsa ba. Wa ya san komai? Zunubinsa shi ne an yi masa gargaɗi, ya rufe bakin mai gargaɗin, sannan ya ɗauki shirun ya rantse da shi. Ku duba kanku. Matarka ta yi magana, ka daka mata tsawa. Amininka ya yi magana, ka daina zuwa zaurensa. Zuciyarka ta yi magana, ka ce waswasi ne. Yanzu kowa ya yi shiru, kana cewa ba ka da aibi. In ba ka gane ba, ka ce ban gane ba, ka je ka tambaya.

Allah ya bar mu da masu faɗa mana gaskiya, ya ba mu kunnen jinta tun rana ba ta tona mu ba. Allah ya kiyaye mu, amin.