Hoton Kawu a Takardar Zaɓe

Akwai wani matashi a unguwar Nima mai suna Saddique, in yana magana sai ka rantse shi ya gina Accra.

Kawunsa Alhaji Sulemana, yayan mahaifiyarsa, shi ya riƙe shi tun yana ƙarami. A shekarar, Alhaji ya tsaya takarar shugaban ƙungiyar 'yan hatsi ta Nima da Maamobi. Kujerar ba ta wasa ba ce, jama'a. Shugaba ke raba rumfuna, shi ke zama da hukuma in an zo tashin 'yan kasuwa.

Ana saura 'yan kwanaki zaɓe, Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfarsa. Ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke ɗif. Ga shi an riga an buga takardun zaɓe da hotonsa.

Dokar ƙungiyar a fili take: in an canja ɗan takara, sai a ɗage zaɓe, a buga sababbin takardu da hoton sabon mutumin. Dalili kuwa, yawancin masu zaɓen ba sa karatu. Fuska suke dubawa su dangwala.

Saddique ya san wannan sarai. Ya kuma san in aka sa fuskarsa, ko 'yan layinsu ba za su zaɓe shi ba.

Sai ya je ya yi rantsuwa a rubuce, wai kawunsa ya faɗa masa da baki a gadon asibiti cewa ya tsaya a madadinsa. Ya kalallame kwamitin zaɓe da daɗin baki: kada a ɗage, kada a taɓa hoton, duk ƙuri'ar da ta sauka kan fuskar Alhaji tasa ce. Su ma don kada su sake wahala, suka amince.

Ruhaina, 'yar Alhaji, ta tare shi a ƙofar gida.

"Yaya Saddique, ka ji tsoron Allah. Baba ko ruwa ba ya iya nema da baki. Yaushe ya faɗa maka?"

"Ei, Ruhaina! Me kika sani a siyasa? Koma ki ji da mara lafiya."

"To ka sa hotonka mana."

Ya kwashe da dariya. "Hoton da ke cin zaɓe nake so."

Wallahi duk lokacin da na tuna wannan maganar sai raina ya ɓaci.

Aka yi zaɓe, hoton Alhaji ya lashe. Saddique ya hau kujera, aka yi kiɗa daga Nima har Maamobi, alhali mai fuskar yana kwance ana juya shi.

Moro, wanda ya zo na biyu, bai yi hayaniya ba. Kotu ya nufa.

Likita ya shaida cewa tun ranar da Alhaji ya faɗi bai furta ko kalma ɗaya ba. Lauyan Saddique ya ce ai jama'a sun san da canjin, kuma zai kawo wadda ba za ta juya masa baya ba: Hajiya Ayishetu, mahaifiyar Saddique, mai sayar da wake.

Tsohuwa ta yi rantsuwa. Alƙali ya tambaye ta, tafinta ya fassara: "Hajiya, wa kika zaɓa?"

Ta dubi ɗanta, hawaye na zuba.

"Ranka ya daɗe, ni yayana na dangwala wa. Na ga fuskarsa, na ce ko Allah zai tashe shi ya zauna a kujerarsa. Wannan kuwa, ni na haife shi, amma ban zaɓe shi ba."



Alƙali ya soke zaɓen, ya rushe kwamitin, ya ce a tsare Saddique kan rantsuwar ƙarya. Yana tsare Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa, yaron da ya yi rainonsa ko gawarsa bai gani ba.

Darasi: Kada ka hau kujera da fuskar wani. In mutane ba za su zaɓe ka da taka fuskar ba, ka haƙura ka gyara halinka, domin ranar tonon asiri ko mahaifiyarka ba za ta yi maka ƙarya ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu gaggawar mulki.