Sirdin da Bika Ya Ƙi a Gwada Masa

An yi wani zamani, tun kafin a sare kukokin bakin rafi, da Kunkuru baduku ya gaji keke mai taya ɗaya daga kawunsa. Da yake ƙafafunsa ba sa kai feda, sai ya ce duk wanda ya tuƙa keken daga tsamiya zuwa rafi ranar bikin kaka, ya zama nasa.

Biyu ne suka fito, Kurege sarkin ƙorafi da Bika, gwaggon birin nan mai ji da kai. Ina ƙaunar tuna yammacin waɗancan kwanaki. Dabbobi su jeru a kan turame, ana ɓare gyaɗa, ana dariyar masu koyo suna dafa danga suna faɗuwa.

Shi irin wannan keke ba shi da abin riƙewa, nauyinka duka a kan sirdi yake. Ga sirdin ya bushe kamar itace. Kwana biyu kacal Kurege ya sauko yana tafiya a tattale.

"Baba Kunkuru, mazaunaina sun ƙone," in ji shi.

Kunkuru ya ce abin da sauƙi, sai dai shi ba ya ɗinka sirdi da ka. Dole mai hawa ya zauna a kan ɗanyen yumɓu, shi kuma ya yanka fata daidai gurbin, ya cusa audugar rimi. Kurege ya zauna daɓas a gaban kowa. Aka yi dariya har Bushiya ta shaƙe da gyaɗa.

"Saura kai, Bika," in ji Kunkuru.

"Ni in zauna a taɓo kamar kwaɗo? Ai ni ba na jin komai."

"To me ya sa kake cin abinci a tsaye?" Kurege ya tambaya.

"Ina ruwanka, ɗan tsurut?"

Gaskiya Bika ya fi iyawa nesa ba kusa ba. Amma Kurege kan ɗan hau ya sauka ya huta, shi kuwa Bika ya wuni a kai yana cije baki, don kada a ce ya gaza. Gashin wurin ya soma zubewa, fata ta yi ja, bai gaya wa kowa ba.

Ranar biki Bika ya hau, ya murza feda sau bakwai, sai ya diro yana hawaye. Kurege ya ɗaura nasa sirdin, ya tafi a karkace a karkace har rafi. Keke ya zama nasa, gashin Bika kuwa bai sake fitowa ba.

Shekaru suka ja, Kunkuru ya rasu, keken ya yi tsatsa. Tsofaffin biyu suna hira wani hantsi, sai Bika ya sunkuyar da kai.

"Kurege, tun ranar farko sirdin nan yake yi mini zafi."

"Mun sani. Baba ya ware maka fatarsa mafi laushi, kullum da safe yana jiƙa yumɓu ko za ka zo. Har ya mutu bai ba kowa ita ba."

Darasin wannan labari shi ne, in abu na cin ka, ka faɗa tun da wuri. Dariyar mutane ta yini ɗaya ce, kuma sau da yawa mai taimakonka yana nan kusa, jira kawai yake ka buɗe baki.