Ranar da Aka Karɓe Gorar Gwadabe

Akwai wani mai fito da ake kira Gwadabe, a wani mashigi na Kogin Haɗeja, a zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasar. Wani kamfanin sayen gyaɗa ne ya ɗauke shi aiki tun yana saurayi. Jirgin na kamfani ne, gorar tuƙi ma ta kamfani ce. Aikinsa ƙetarar da buhuna daga wannan gaɓa zuwa waccan, in da sauran wuri ya ɗauki mutane. A kan wannan aiki ya yi furfura, ba a taɓa cewa buhu ya ɓata a hannunsa ba.

Masu fito na wannan mashigi suna da wata al'ada da suka gada, kuma ya wajaba a bayyana ta tun farko. Wanda zai bar aiki, shi da kansa yake ajiye gorarsa. Zai wanke ta a kogi, ya shimfiɗa ta a gaban Sarkin Ruwa, ya ce, "Na ajiye." Jama'a su amsa, "Ka ajiye lafiya."

Ba a karɓar gora daga hannun mutum sai in ya ci amanar kaya, ko ya yi sakaci da rai. Wanda aka yi wa haka kuwa, babu mai sake ba shi jirgi, ko da ya tafi can garin Guri.

Wata shekara aka gama gadar katako a gaba da mashigin, kamfani ya kawo mota. Aka ce a rage masu fito, a fara da mafi tsufa. Heluma Shu'ibu, shugaban ma'aikatan kamfani a wurin, shi aka umarta ya sallami Gwadabe, ya kuma karɓo kayan aiki.

Ranar kasuwa ce, bakin kogi ya cika. Gwadabe yana tsaye a cikin jirgi ana sauke kaya, sai ga Shu'ibu da sauri.

"Baba Gwadabe, mota ta karɓe ka. Aikinka ya ƙare daga yau. Kawo gorar."

Gwadabe ya dube shi, ya ce, "Heluma, to, haka Allah ya so. Amma bari a kira Sarkin Ruwa, in ajiye ta da hannuna."

"Baturen kamfani na can cikin mota yana jira na, kai kana maganar Sarkin Ruwa?"

Ya sa hannu ya fizge gorar, ya saɓa a kafaɗa, ya haye gaɓa. Hayaniyar kasuwa ba ta bar kowa ya ji abin da suka faɗa ba. Abin da aka gani kawai, an karɓe gora daga hannun Gwadabe.

Kafin la'asar labari ya kai kowane zaure. Wasu suka ce gyaɗa yake ragewa a buhu. Wasu suka ce sun daɗe suna zargin haka.

Gwadabe bai faɗa wa kowa komai ba. A ganinsa, dattijo ba ya yawo yana rantsuwa a kan abin da bai yi ba; haƙuri zai yi har gaskiya ta fito da kanta. Ya je wurin masu jirage neman tuƙi. Kowa ya tarbe shi da ladabi, ya ce a halin yanzu da mutum a kai. Ya koma sahun baya a masallaci. Abinci ya daina shiga. Duk da haka kullum da safe sai ya naɗe wandonsa ya fita kamar mai zuwa aiki, ya sami gindin wata tsamiya nesa da kogi, ya zauna har rana ta yi sanyi.

Wata rana ya dawo, matarsa Mairam ta ajiye masa ruwa, ta tsaya tana duban ƙafarsa.

"Malam, wannan wane irin fito ne? Kullum ka dawo ƙafa a bushe, har da ƙaya a wando. Ko kogin ne ya koma daji?"

Ya ɗauki ruwan ya kai baki.

"Tun ranar da aka karɓe gorar na ji labari a bakin rijiya," in ji ta. "Na bar ka ne ka faɗa da bakinka. Ka ɗauki kayan mutane?"

"Mairam, ke ma?"

"Ni na san ba ka ɗauka ba. Amma ni kaɗai na sani, ni kuwa ba ni da jirgi. Yau da na je ɗiban ruwa, wata ta janye tulunta kusa da ita. Tulu, Malam! Ka tashi ka je a faɗa maka laifinka, ko a faɗa wa gari ba ka da shi."

Da safe ya tafi rumfar kamfani, ya sami Shu'ibu yana sa ana loda mota. Ya gaishe shi, ya ce bai zo neman a mai da shi aiki ba, so yake a bayyana wa jama'a dalilin sallamarsa.

Shu'ibu ya yi dariya. "Baba, gora ce fa, icce. Kamfani ya ce a karɓo kayansa, na karɓo. In tara gari saboda sanda? Je ka huta, ka tsufa."

Daga nan Gwadabe ya wuce gidan Sarkin Ruwa Umara, tsohon da iyayensa suka zo daga Barno, wanda duk mai jirgi a mashigin ke ƙarƙashinsa. Ya durƙusa ya faɗi yadda aka yi, daga farko har ƙarshe.

Umara ya saurara har ya gama. Sa'an nan ya ce, "Gwadabe, ka ba ni kunya. Na zauna ina jiran ka zo. Da na ga ba ka zo ba, sai na ce ashe da gaske ne. Wanda aka zalunta ai yakan yi magana."

"Ranka ya daɗe, haƙuri nake yi."

"Haƙurinka ya kusa cinye sunanka."

Ya aika aka kira Shu'ibu. Ya zo yana ta duban hanya, wai aiki na jiransa.

"Heluma, mutumin nan ya taɓa gyaɗar kamfani?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Ya kifar da jirgi?"

"A'a. Aiki ne ya ragu. Ni ban taɓa cewa ya yi sata ba."

"Bakinka bai faɗa ba, hannunka ya faɗa, a gaban kasuwa. Kamfani yana da ikon rage mutum, wannan ba ni da ta cewa. Amma aiki ya ɗauke shi, bai sayi mutuncinsa ba. A nan aka haife ka, ka san abin da karɓar gora ke nufi." Umara ya gyara zama. "Kai ma ɗan aiki ne, Shu'ibu. Wanda ya kawo motar da ta karɓi Gwadabe zai iya kawo abin da zai karɓe ka. Ranar nan Bature zai shiga motarsa ya tafi, kai a garin nan za ka kwana. Yaya kake so a sallame ka?"

Shu'ibu ya daina duban hanya.

Da kasuwa ta zagayo, Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela, mutane suka taru a bakin kogi. Shu'ibu ya zo da gorar. Ya fara magana ƙasa-ƙasa, sai wata mai sayar da bandar kifi ta ɗaga murya daga baya, "Heluma, ba ma ji! Ranar fizga ai da ƙarfinka!"

Aka yi dariya. Shu'ibu ya share gumi, ya ɗaga murya.

"Jama'a, Baba Gwadabe bai ci amanar kowa ba. Mota ce ta rage aiki. Ni na yi gaggawa, na karɓi abin da ba a karɓa. Ga ta."

Ya miƙa da hannu biyu.

Gwadabe ya riƙe gorar, ya daɗe a tsaye, har wasu suka zaci ba zai iya rabuwa da ita ba. Sa'an nan ya gangara cikin ruwa har gwiwa, ya wanke ta daga kai zuwa gindi, ya hauro, ya shimfiɗa ta a gaban Umara.

"Na ajiye."

"Ka ajiye lafiya!" Bakin kogi duka ya amsa.

Kamfani bai mai da shi ba, shi ma bai roƙa ba. Yana cikin hawa gaɓa, wani falke mai kai tukwane ƙauyukan fadama ya tare shi, ya ce, "Baba, ina neman mai tuƙi, amma jirgina ƙarami ne, yana ɗan yoyo. Kaya kuma masu fashewa ne, ba kowa nake ba wa ba."

Gwadabe ya ce, "Mu je in ga yoyon."

Darasi: Rage ma'aikaci ba laifi ba ne idan aiki ya ragu, amma wajibi ne a faɗa masa dalili, a kuma sallame shi ta yadda jama'a ba za su zarge shi da abin da bai yi ba. Kai kuma da aka sallama, rasa aiki ba abin kunya ba ne. Kada ka ɓoye wa iyalinka, kada ka ƙunshi baƙin ciki kana kiransa haƙuri. Ka je da ladabi wurin wanda ke da ikon saurare, ka nemi haƙƙinka. Don Allah ku isar da wannan ga 'yan'uwa, musamman masu mutane a ƙarƙashinsu, ku kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba.