Ranar da Tabawa Ta Kira Sunan Damisa a Kasuwa

Dalilin da ya sa dabba ɗaya take da suna har uku a ƙasar nan tamu, shi kuke son ji? To ku matso. Ke Dije, ɓare gyaɗar nan na ce ki yi, ban ce ki cinye ta ba. Mu nan Tungar Lantana damisa muke cewa kai tsaye. Mutanen Kwarin Gawo su ce Ta-bisa. Na Bakin Dutse kuwa wai Gwaggo. Gwaggo fa! Sai ka ce wadda za ta kawo musu tsaraba.

A da can babu wannan tunga tamu. Garuruwan biyu ne kawai, dutse a tsakaninsu, suna cin kasuwa ɗaya ranar Laraba a gindin dutsen. Al'adarsu ma ɗaya ce. Duk naman dajin da ya fara ɓarna a gari, an daina kiran sunansa ke nan, ba a kuma faɗar kamarsa. Wai in ya ji ana gulmarsa zai zo. Sai kowane gari ya laƙaba masa wani suna nasa.

A Kwarin Gawo akwai wani mutum Nomau, da matarsa Tabawa, da 'yarsu guda ɗaya tak, Lantana, mai shekara bakwai. Wata safiya Nomau ya fita yanko wa awaki ganye. Shiru, shiru, har azahar. Aka bi sawu. Yara, ba a ƙasa aka same shi ba. A saman gawo aka same shi, rataye a reshe kamar rigar da aka shanya. Maza masu gemu suka yi ta salati, wani ma nan take ya zube. Kowa ya san aikin wace ce, amma babu mai faɗa. Daga ranar suka sa mata Ta-bisa.

Yayan Tabawa, Mantau, ya zo gaisuwa daga Bakin Dutse. Ya tarar da ita ta rame, ta riƙe hannun yarinyar gam.

Ta ce, "Yaya, tsoro nake ji. Ita kaɗai ta rage mini. Ko bakin ƙofa ta leƙa sai gabana ya faɗi."

Ya ce, "To ba ni ita mana. Mu can lafiya lau muke, ba mu da irin wannan abin naku. Gwaggo kawai gare mu."

"Wace ce kuma Gwaggo?"

"Wata tsohuwa ce a cikin dutse. Tarinta kawai muke ji. Jefi-jefi ta ɗauki ɗan akuya, mu ce ta karɓi rabonta. Ba ta taɓa taɓa mutum ba."

"Yaya kamarta take?"

"Ke! Rufa mana asiri. Ana faɗa ne? Ni na tambaye ki kamar taku?"

Tabawa a ranta ta ɗauka Gwaggo wata gurguwar kura ce. Shi kuma Mantau ya ɗauka Ta-bisa wani aljani ne na kan bishiya. Kalma ɗaya ce fa tsakaninsu, babu wanda ya iya furta ta. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Tabawa ta yi wa Lantana kitso, ta ɗaure mata 'yan tsummokaranta, ta damƙa ta hannun kawunta.

Laraba ta biyu Tabawa ta je kasuwa da ƙwaryar gero, amma labarin 'yarta ne ya kai ta. Ta samu Iya Kande mai daddawa, maƙwabciyar Mantau.

Tsohuwar ta ce, "Yarinyarki har ta yi kumatu. Kullum tana bin yara kiwo."

"Alhamdu lillahi. Ita Gwaggon fa, ba ta dame ku ba?"

Iya Kande ta yi dariya ta ce, "Kwanan nan ajiya ta koya. Shekaranjiya muka hango bunsurun yayanki can saman tsamiya, ta rataye shi a reshe. Ban ma san ta iya hawa ba."

Ƙwarya ta suɓuce daga hannun Tabawa, gero ya watse.

"A reshe, Iya?"

"A reshe, 'yata."

"Wace tsamiya?"

"Ta bakin rafi mana, inda yara ke shan inuwa da awaki."

"Kuma kuka bar su suna zuwa?"

"Haba, Gwaggo ce fa."

Tabawa ta miƙe tsakiyar kasuwa ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu: "Damisa ce! Gwaggonku damisa ce! Ita ta kashe Nomau!"

Kai! Kasuwa ta yi tsit, sannan ta fashe. Mata suka toshe kunnuwa. Mahauci ya saki wuƙa. Mai kaji ya taka kwandonsa, kaji suka bazu. Ba damisar suke gudu ba, yara, Tabawa suke gudu, don ta faɗi abin da ba a faɗa. Ta kama wannan, ya fizge. Ta roƙi wancan, ya ce ta tafi can da bakinta. Ko mutum ɗaya bai bi ta ba. Sai ta fizgi taɓarya a gaban mai sayar da turame ta nufi rafi da gudu.

Tun daga nesa ta hango su. Awaki na kwance, yara na wasa, Lantana ta sunkuya tana tsintar tsamiya. Daidai kanta, daga cikin ganye, wata doguwar wutsiya tana lilo a hankali.

"Lantana, gudu! Damisa!"

Sauran yaran da suka ji sunan sai suka daskare, suka rufe kunnuwa yadda aka koya musu. Lantana ta ɗaga kai. Reshe ya motsa. Tabawa ta iso ta hankaɗe 'yarta gefe, abin ya sauko a kan uwar. Ta samu ta maka wa damisar taɓarya sau ɗaya, sau ɗaya kawai.

Sai da ihun yara ya kai kasuwa sannan maza suka yi ƙarfin hali suka zo da kwari da baka, suka kashe ta. Na Kwarin Gawo suka duba suka ce, "Ta-bisa ce." Na Bakin Dutse suka duba suka ce, "Gwaggo ce." Suka tsaya suna kallon juna, baki buɗe. Ashe dabba ɗaya ce, ta yi ɓarna a wannan gefen dutse, ta zaga wancan ta kwanta.

Tabawa ba ta kai la'asar ba. Mantau ya durƙusa kusa da ita yana kuka. Ta ce, "Yaya, ai na tambaye ka." Daga nan ta cika.

Za ku ce sun hankalta ko? Ina! Ko binne ta ba a yi ba dattawa suka fara cewa, "Kun gani? Ta kira sunan, ga shi ya zo mata." Garuruwan biyu duk suka yarda da haka, kowa ya ƙara ƙanƙame sunansa. Lantana tana tsaye tana jin su, jinin uwarta a jikin zaninta.

Da ta girma ta yi aure, ta ce wa mijinta ba za ta haihu a garin da ake toshe kunne ba. Suka zo nan suka sare daji suka kafa bukka.

Shi ya sa har yau na Kwarin Gawo ke cewa Ta-bisa, na Bakin Dutse ke cewa Gwaggo, in mun faɗi namu a kasuwa su ja da baya suna hararar mu. Su ja ɗin. Mu dai a tungar nan, da yaro ya iya cewa Inna da Baba, damisa muke koya masa, kafin ma ya san sunan kansa.